Abin da aka ce kan rashin Land Cruiser 70 mai dizal a Amurka

To jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi kan dalilin da ya sa ba a sayar da motar nan a Amurka.

1. Kusan kowa ya yarda dokar hayaƙi ce babban cikas, injinta na dizal 1HZ mai lita 4.2 ɗin nan da ake ji da shi a sahara ba zai tsallake gwajinsu ba.
2. Wasu sun ƙara da harajin kashi 25 da ake ɗora wa a-kori-kurar waje tun 1964.
3. Mai son shigo da ita daga waje dole sai ya nemi wadda ta shekara 25, ita aka ɗaga wa ƙafa.
4. Wajen cire matatar hayaƙi ta DPF aka rabu, wasu wai mota ta fi lafiya, wasu suka ce laifi ne a can kuma tarar ba wasa. Ni dai ina bayan na biyun.