Neman shawara: karenmu ya mutu, autana ya ƙi cin abinci

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na kawo muku abin da wasu za su ga bai kai a kawo gaban jama'a ba, amma ni ya hana ni sukuni. Ranar Talatar da ta wuce karenmu Duna ya mutu, bayan shekara 11 yana gadin gidanmu da awakinmu a bayan garin Malumfashi. Maigida ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo, domin shi direba ne, yakan yi mako bai kwana gida ba, kuma a lokacin ba mu da maƙwabta kusa. Duna ba ya shiga ɗaki, makwancinsa gindin darbejiya ne kusa da turke, amma tun da ya girma ba a taɓa kwance mana ko akuya ɗaya ba. Akwai wata bazara da haushinsa ya tashe ni cikin dare, na fito da tocila na tarar da kububuwa dab da tabarmar da yara suke kwance a tsakar gida, kuma har gobe idan na tuna wannan daren sai gabana ya faɗi.

Autana mai shekara 9 a gidan ya buɗe ido ya gan shi, kuma shi ne yake kai masa ragowar tuwo kowace safiya. Yau kwana biyar ke nan ba ya cin abinci sai an matsa masa, yana kuma wanke kaskon Duna yana ajiyewa a gindin bishiyar. Yaran unguwa suna yi masa dariya, surukata kuwa ta ce yi wa kare kuka abin kunya ne. Ni kaina shirun dare ya dame ni. Shin akwai laifi a wannan baƙin ciki, kuma in samo masa wani karen nan take?

Wani malamin Islamiyya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, babu laifi a abin da yaron yake ji, domin tausayi ne. Anas ɗan Malik yana da ƙane, Abu Umair, mai wasa da wani ɗan tsuntsu. Da tsuntsun ya mutu yaron ya shiga damuwa, sai Manzon Allah (SAW) ya riƙa tambayarsa cikin raha abin da ya sami ɗan tsuntsun. Bai tsawata masa ba, bai kuma ce abin bai kai a damu ba. Riƙon kare domin gadin dabbobi ko gona ko farauta halal ne, kuma ki karanta masa aya ta 18 ta Suratul Kahfi, inda aka ambaci karen mutanen kogo yana shimfiɗe da ƙafafuwansa a bakin ƙofa. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne kada a gina kabari ko a mayar da wurin wajen ziyara. Idan yaron yana son yin wani abu, ya riƙa zuba ruwa a kaskon nan domin tsuntsaye da dabbobi, tunda hadisi ya tabbata cewa Allah ya gafarta wa mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Wata uwa:
Yaya, ki bar shi ya yi ta ba ki labarin Duna, ko da ya maimaita sau goma. Surukarki kuma ki bi ta da girmamawa, ki tuna mata daren kububuwar, jikokinta ne a kan tabarmar.

Wani likitan dabbobi:
Hajiya, shekara 11 tsufa ne ga kare, yawancinsu tsakanin 10 da 13 suke rayuwa, saboda haka ki gaya wa yaron a fili cewa ba sakacinsa ba ne, domin yara sukan ɗora wa kansu laifi su yi shiru. Ban goyi bayan a kawo wani a wannan makon ba, zai yi ta gwada shi da Duna har ya tsane shi. Idan lokaci ya yi, ya zaɓa da kansa, a kai kwikwiyon asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka idan ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a kuma kula da tsutsar ciki da kaska. Idan rashin cin abincin yaron ya ci gaba har ya fara ramewa, a kai shi asibiti.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, da daddare na ba shi labarin Abu Umair, ya sa na maimaita masa sau biyu. Yau da safe ya cika kaskon da ruwa, ya sha kokonsa kafin ya tafi makaranta. Likita, maganar sabon kare mun bar ta sai maigida ya dawo daga Legas.