Famfon soda na ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ku taimaka

Assalamu alaikum, injiniyoyi da manyanmu a wannan sana'a. Ina aiki a wata ƙaramar masana'antar sabulu a Katsina, ni ke kula da famfon da ke tura ruwan soda (kostik soda ta haɗa sabulu) mai ƙarfin kashi 50 cikin 100 daga tankin ajiya zuwa tukunyar haɗi. Famfo ne mai fanka a ciki da ke tura ruwan, yana aiki da wutar lantarki mai layi uku.

Tun da sanyin hunturu ya kama, da asuba in na tayar da shi sai ya yi ta ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, allurar geji mai auna matsi na ta rawa, soda kuma ba ta tafiya sai ɗis-ɗis. Da hantsi sai abin ya lafa.

Ba na tayar da shi sai na buɗe bawul ɗin shiga gaba ɗaya, na rage na fita, na fitar da iska har ruwa ya leƙo. Na duba juyin motar lantarkin da ke juya famfon da kibiyar jikinsa, daidai ne. Jiya na ga farin gishiri ya taru a bakin sil, wato abin da ke hana famfon yoyo, abin ya tsorata ni, don soda tana cin fata, balle ido.

Na san irin wannan soda tana fara daskarewa wajen digiri 12 a ma'aunin Celsius. Shin kauri ne ke hana ta shiga, ko matatar bututu ce ta toshe? In zan buɗe matatar, bayan na kashe wuta na kulle suwic, na sa gilashin kare ido da safar roba, ta yaya zan sauke ragowar matsin kafin in kwance noti? Yara biyu ne ke aiki kusa da ni. Allah Ya saka da alheri.