Ma'aunin tsoka a hoton CT na masu sankarar hanji: wace iyaka zan ɗauka?

Assalamu alaikum, manyana a aikin likita. Ina neman ƙwarewa a fannin tiyata a nan Zariya, kuma bincikena ya cije.

Ina auna tsoka da kitsen masu sankarar babban hanji daga hoton CT da aka yi musu kafin aiki, don in ga ko ƙarancin tsoka na nuna wanda zai sha wuya bayan tiyata ko wanda maganin sankara zai galabaitar. Yanka ɗaya na hoton nake ɗauka daidai ƙashin baya na uku a sashen ƙugu, wato L3, in ware tsoka da manhajar auna hoto ta ImageJ tsakanin -29 da +150 a ma'aunin Hounsfield, wanda ke bambance nama da kitse da ƙashi a hoton CT, sannan in raba faɗinta da tsayin mutum sau tsayinsa. Wannan dai ya zauna.

Iyakar da za a ce wanda ya faɗa ƙasa da ita yana da ƙarancin tsoka ce ta hana ni barci. Wadda aka fi amfani da ita, 52.4 ga maza da 38.5 ga mata, daga binciken Kanada na 2008 ta fito, kuma a kan masu ƙiba aka yi shi. Mutuminmu kuwa, manomi ne daga Giwa ko Soba, siriri tun asali, ga shi sai ciwo ya ci jiki yake zuwa. Da na ɗora ta, kusan kowa ya faɗa ƙasa. Ma'aunin da ya kira kowa ramamme, me zai bambance?

Shin in fitar da iyaka daga marasa lafiyata, ko in bar lambar yadda take ba rarrabawa? Sannan wanda babu tsayinsa a fayil, in cire shi ne? Wanda ya taɓa yi, don Allah ya haska min.