Wai me za mu kira conservation of mass da Hausa ne?

Jama'a malaman kimiyya ku taimaka. Jiya ina koya wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare dokar nan da Lavoisier mutumin Faransa ya rubuta a 1789, mai cewa duk yadda abu ya canza kama, ko ya narke ko ya ƙone, abin da ya shiga shi zai fito. Na ce musu sunanta "adana nauyi", wata yarinya ta ɗaga hannu wai malam a asusu ake adanawa ko a banki? Aji ya tuntsire da dariya, kuma da gaskiyarta, adanawa sai da mai ajiya, nan ko ba wanda ya ajiye komai.

Shi ma nauyin da matsalarsa. Ka je duniyar wata nauyinka zai koma kashi ɗaya cikin shida amma ko tsoka ɗaya ba ta bar jikinka ba, to wancan da bai ragu ba shi muke nema wa suna. Wani abokin aikina ya ce "tarin abu", ni dai ya yi min kama da tarin shara. Na fi son "ainihin nauyi", a bar wa jan ƙasa nauyi zalla.

Yau na kai gorar roba da sikelin kicin, muka zuba ruwan lemon tsami, muka ƙulle 'yar kanwa a takarda muka jefa muka ɗaure murfi tamau muka auna, kumfa ta taso gora ta yi tauri amma lamba ba ta motsa ba, sai da muka buɗe iska ta fita tsss sannan ta ɗan sauka. Nan suka gane inda sauran gawayi yake zuwa in an wayi gari toka kaɗan ce a kurfoti, da abin da ya sa ƙarfe mai tsatsa yake ƙara nauyi, iska ya sha.

Wani yaro daga baya ya ce malam kenan ba ƙari ba ragi. Wallahi sai na ajiye alli. Na rubuta "dokar ba ƙari ba ragi" a allo, a jarrabawa kuma "dokar wanzuwar ainihin nauyi", duk da wanzuwar ta ɗan yi kama da wa'azi.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke koyarwa da Faransanci, me kuke ce wa yaranku?