Ɗan ƙanena na son zama mai jifa a besbol: ta ina ake farawa?

Kawun Yara, Mabera:
Assalamu alaikum. Yaron shekararsa 15, dogo ne, hannunsa na da ƙarfi, kuma ya kafe shi mai jifa zai zama, wato mai jefa wa mai gora ƙwallo ya buga, irin na MLB, babbar gasar besbol ta Amurka. Masana, wace hanya ake bi, kuma shekara nawa sana'ar ke riƙe mutum?

Malam Koci:
Wa alaikumus salam, Kawu. Ƙofa biyu ce. Zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi kowace shekara, mai zagaye 20, na mazauna Amurka da Kanada da Puerto Rico ne. Yaron Najeriya sai dai kulob ya ɗauke shi a matsayin ɗan ƙasar waje, daga shekara 16, kuma ranar 15 ga Janairu ake buɗe ɗaukar. Masu farautar 'yan wasa sun fi zama a Jamhuriyar Dominika da Benezuwela. A Afirka kuwa, a Yuganda kulob ɗin Dodgers na MLB ke da makarantar horo, har sun ɗauki yara biyu a 2022. Tayler Scott na Afirka ta Kudu ya yi wa kulob ɗin Seattle na MLB jifa a 2019, amma shi Amurka ya koma ya yi sakandare kafin a zaɓe shi. A gida, Ilorin ce ke da filin besbol na sosai, sai a fara neman gasar matasa ta can.

Bayan sa hannu akwai matakalar ƙananan gasanni kafin a kai MLB: gasar bazara ta Dominika, gasar 'yan koyo, sannan Single-A, High-A, Double-A da Triple-A. A Double-A ake tace 'yan wasa. Mai dogaro da gudun ƙwallo kaɗai a nan asirinsa ke tonuwa, domin masu gora sun saba da kilomita 150 a awa, kusan matsakaicin jifan sauri ke nan a MLB yanzu. Dole ya iya jifa mai lanƙwasa, da kuma na yaudara, wanda hannu ke tafiya kamar na sauri amma ƙwallon ta iso a makare. A ganina na yaudarar ya kamata ya fara koya, riƙo ne kawai ke canzawa.

Hajiya Mai Gashin Ƙashi:
Malam ya gama da hanya, ni hannun nake ji. Kawu, a auna mita 18.44 daga inda yake tsayawa zuwa wurin mai gora, a yi tudu mai tsayin santimita 25, a nemi ƙwallo ta gaske mai nauyin giram 142 zuwa 149. Ban da jifa da dutse ko lemo don gwada ƙarfi.

Sannan a riƙa ƙirga jifa, a rubuta a littafi. Ƙa'idar da MLB ta fitar wa 'yan shekara 15 zuwa 16 ita ce kada a wuce 95 a rana. Daga 31 zuwa 45, hutun kwana ɗaya. 46 zuwa 60, kwana biyu. 61 zuwa 75, kwana uku. 76 zuwa sama, kwana huɗu. A shekara kuma ya samu wata huɗu ba ya jifa a gasa. Dalili shi ne wata jijiya a cikin gwiwar hannu, ta ɓangaren jiki, da ke miƙewa a kowane jifa. In ƙafa da kwankwaso sun gaji, nauyin duka kanta yake komawa, tana ɗan tsagewa a hankali har ta tsinke. Alamomin farko: gudun ƙwallo ya ragu, tana tashi sama ba da niyya ba, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi su riƙa mutuwa. Da an ga haka a tsaya.

Gyaranta tiyata ce da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, jinya wata 12 zuwa 18. Shi Tommy John ya dawo ya yi jifa har 1989 yana ɗan shekara 46, amma ba kowa ke dawowa haka ba.

Ga kuma zafin garin nan. Daga Maris zuwa Mayu a yi atisaye bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Lokacin hunturu fatar yatsu kan tsage a inda take gogar ɗinkin ƙwallo, sai a shafa mai da dare, ba lokacin jifa ba.

Ɗan Giginya:
Hajiya, kin hwaɗi gaskiya. Zancen kuɗi kuma, mafi ƙarancin albashin MLB a 2024 dala 740,000 ne, shi ke ruɗin yara. Amma sai mutum ya cika shekara uku cikin babbar gasa kahin ya iya jayayya kan albashinai, shida kahin ya zaɓi kulob da kainai, kuma kwana 172 aka lissafawa shekara guda. Mafi yawan waɗanda anka ɗauka ba su ko taka babbar gasar. Kada a hidda shi makaranta don wanga abu.

Kawun Yara, Mabera:
Allah ya saka da alheri. To, babu mai auna gudun ƙwallo a nan, ya za mu nuna wa na waje?

Malam Koci:
Waya ta isa, Kawu. A ɗauki bidiyo biyu, ɗaya daga gefensa, ɗaya daga bayan mai cafke ƙwallon da ya jefa, jifa goma goma ba tare da yankewa ba, tef ɗin awo na shimfiɗe a ƙasa ana ganinsa. A haɗa da takardar haihuwa da fasfo masu kwanan wata iri ɗaya, domin MLB na binciken shekaru kafin ta amince da kwantiragi.