Wai me za mu kira thriller da Hausa?

Jama'a salam, taimako nake nema, kuma dan Allah kar wanda ya ce min "kawai ka rubuta tirila", na ji wannan har na gaji.

Muna da ɗan grup na masu karatu a nan Jos, ba mu kai mutum talatin ba, duk wata sai a zaɓi littafi ɗaya a karanta a yi ta musu a kai. Na wannan watan na Turanci ne, wani yayanmu ya tsinto shi wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa ta wajen kasuwar Terminus, bangon ma ya fara ɓallewa, haka muka dinga karɓa-karɓa. Labarin wani tsohon soja ne a Amurka, 'yan ta'adda sun shirya kai hari garinsu, shi kuma ya rantse sai ya fid da matarsa da 'ya'yansa biyu ko da zai rasa ransa. Ni aka ɗora wa rubuta sharhi da Hausa, to tun a layin farko na maƙale. Wannan littafi mene ne shi? Na soyayya mun san shi, na yaƙi mun sani, na barkwanci ma haka, wannan fa?

Na jefa tambayar a grup jiya bayan isha'i, kafin in sa waya a caji saƙo ya fi ɗari.

Na farko ya ce labarin ban tsoro. Nan take aka yi masa ca, don ban tsoro ai na aljanu ne da fatalwa da mayu, wanda in ka karanta ba ka iya fita fitsari da dare. Wannan kuwa ba aljani ko ɗaya, mutane ne da bindiga da agogo yana tafiya. Wani ya ce mai tayar da hankali, aka ce masa kuɗin makarantar yara ma yana tayar da hankali. Ƙanwata ta ce hana-barci, na so shi sosai don ni kaina sai ƙarfe biyu na dare na ajiye littafin, ga sanyin Jos ga bargo amma na kasa rufe shi, sai dai wata ta ce littattafan soyayyan Kano sun hana ta barci tun tana aji uku na sakandare, kuma sauro ma hana-barci ne. Shi kenan ta kashe mana shi.

Sai Malam ya shigo, malamin Hausa ne da ya yi ritaya, shi ne babba a grup ɗin, ba ya rubutu sai saƙon murya mai minti bakwai. Ya ce yarana ku daina neman fassara, ku nemi inda abun yake taɓa Bahaushe a jikinsa. Ya ce tun gasar 1933 da aka yi a Zariya ake rubuta ƙagaggun labarai da boko, kuma kowane iri da ya zo sai da aka samar masa suna. Ya kawo misalin da ya sa kowa ya yi shiru, ƙunar baƙin wake. Ya ce wannan magana ta girmi bam nesa ba kusa ba, a labarin da kakanni ke bayarwa Baƙin Wake ne ya ɗauki azzalumin ɗan sarki ya faɗa wuta da shi suka ƙone tare, to da masifar nan ta masu tayar da bam a jikinsu ta zo ba wanda ya zauna ya yi taro, 'yan jarida suka miƙa hannu suka ɗauko tsohuwar magana ta zauna daram. Shi shawararsa labarin ɗar-ɗar.

Wallahi na ɗauka an gama. Ɗar-ɗar ai shi ne, gabanka na faɗuwa, ba abun da ya faru tukuna amma ka san yana hanya.

Sai Anti ta ce ba ta yarda ba. Ita Anti atamfa take sayarwa, ba ta cika magana a grup ba, amma jiya ta rubuto mai tsawo. Ta ce Malam ka yi haƙuri, ɗar-ɗar ba sunan littafi ba ne, sunan zaman da muka yi ne. Ta ce duk wanda ya ga rikicin 7 ga Satumba 2001 da na Nuwamban 2008 ya san me ake nufi in rediyo ya ce ana zaman ɗar-ɗar a Jos, dokar hana fita, ba gawayi ba kalanzir, kana leƙen titi ta kafar ƙofa. Ta ce ranar Talata 20 ga Mayu 2014 tana shago lokacin da bam na farko ya tashi a Terminus, ɗanta ta aika ya karɓo canji, mutane suka ruga taimako sai na biyu ya tashi bayan kamar rabin awa, sama da mutum ɗari suka tafi, Musulmi da Kirista ba wanda wutar ta tambaya sunansa. Waya ba ta shiga, ta bi asibiti-asibiti tana ɗaga mayafin da aka rufe mutane, sai bayan magariba ta koma gida ta tarar da yaron zaune a ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya, ya kasa magana. Ta ce shi Bature da ya ce thriller daɗi yake ji, yana kwance a kujera da shayinsa ana razana shi yana murna, to kar a ɗauki kalmar da muka sha wuya da ita a liƙa wa abun nishaɗi.

Minti kusan goma ba wanda ya ce uffan. Malam ne ya fara, ya ce Hajiya kin fi ni gaskiya, na janye.

Daga nan kuma sai musun ya koma kan littafin kansa, don dama kowa na cike. Samarin grup sun ce ya yi, ba ya jan ƙafa, kowane babi sai ya bar ka a rataye. Yayanmu da ya sayo shi ya ce shi abun da ya ba shi haushi duk mugun da ke ciki sunan Musulmi gare shi, kamar ba a masallacin 'Yan Taya da wani gidan abinci a Bauchi Road aka kashe mutane cikin azumi a Yulin 2015 ba. Ni kuma nawa ƙorafin daban ne, wai mutum ya ceci iyalinsa, mace ɗaya yara biyu da kare, ya cusa su a mota ya wuce. Ina uwarsa, ina ƙannensa, ina maƙwabcin da ba shi da mota? A nan in ka ce iyali mutum ashirin kake nufi, kuma duk wanda ya san rikicin garin nan ya san mutane da yawa ba bindiga ce ta cece su ba, maƙwabci ne wanda ba addininsu ɗaya ba ya tura su ƙuryar ɗaki ya tsaya a ƙofa ya ce ba kowa a ciki. Wannan babu shi a littafin ko shafi ɗaya. Duk da haka ban iya ajiye shi ba, ba zan yi ƙarya ba.

Can wajen sha ɗaya wani ɗalibin Jami'ar Jos da bai taɓa magana ba ya rubuto kalma ɗaya, kaɗa-hanta. Aka fashe da dariya, wani ya ce wannan ai sunan mai tsire ne a Farin Gada. Amma ku duba fa, muna cewa hantar cikina ta kaɗa, kuma ginin kalmar namu ne tsaf, irin su dafa-duka da hana-salla da faɗi-tashi. Akwai razana a ciki akwai kuma ɗan wasa, wato daɗin nan da Anti ta ce ɗar-ɗar ba shi da shi. Fim ma zai ɗauka, ka ce jiya na kalli wani kaɗa-hanta. Malam ya ce bai ƙi ba sai dai a riƙa sa ɗan layin nan a tsakiya in za a rubuta. Wanda ya dage kan tirila har yanzu yana nan kan bakansa, wai ai kwamfuta ma ta kori na'ura mai ƙwaƙwalwa a bakin mutane, na ce masa haka ne amma jirgin sama bai bar wa kowa wuri ba.

To ni dai na rubuta kaɗa-hanta a sharhin, sai dai in wani a nan yana da wadda ta fi ta, musamman mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram, na san ba ku rasa tsofaffin kalmomi a ajiye, kuna da zuwa Juma'a kafin in tura.

Da safen nan Anti ta aiko yaron nata da littafin a baƙar leda, yanzu ya zama saurayi har da gemu. Na buɗe na ga ta sa tsinken tsintsiya a babi na tara, daidai inda motar ke shiga kasuwa. Ya ce ta ce a ba na gaba, ita a wata mai zuwa a zaɓo na soyayya.