Umara da jakar hannu kaɗai: kayan wanka da na shafa, a ɗauko daga gida ko a saya a Saudiyya?

Maman Hanif, Jidda: Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu zuwa Umara ta kwana goma ko sati biyu suna yawan tambayar mu mazauna nan ko sai sun yo guzurin sabulu, man shafawa da sauransu, musamman masu son tafiya da ƙaramar jaka ɗaya. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya sani, sai mu haɗa mu tura musu.

Alhaji Baban Sadiƙ, Misfala, Makka: Wa alaikumus salam, Hajiya. A fara tambayar mutum inda jirginsa zai sauka. Wanda zai fara da Madina ba shi da matsala, don sai a Zul-Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, zai ɗauki harama, yana da kwanakin da zai shiga kanti ya sayi komai. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye kuwa, a cikin jirgi za a sanar da miƙati, zai iso da haramarsa a jiki, da gajiya da zufa. Sabulun otal kusan duk mai ƙamshi ne, haka shamfun da suke ajiyewa a banɗaki. Shi wannan lallai ya taho da sabulu marar ƙamshi guda ɗaya a jakarsa. Bayan ya yi aski ya sauke harama, sai ya sayi abin da ransa ke so.

Saye ba wuya. Akwai babban kantin Bin Dawood a ginin agogo da ke gaban Harami, akwai kemis na Nahdi da Al-Dawaa, nan ana ce musu saidaliyya, ga baƙala, wato ƙananan shagunan kayan masarufi, a kowane lungu. In ba ka jin Larabci ka ce "bidun riha", za su gane marar ƙamshi kake nufi. Sai dai shagunan da ke kewayen Harami da yawa suna rufewa lokacin salla, kuma farashinsu ya ɗara na cikin unguwa.

Malam Ɗan Takari: Alhaji ya yi daidai. Ni zan yi magana a kan dokar filin jirgi, don nan ake ƙwace wa mutane kaya. Duk abin da yake ruwa ne ko mai a jakar hannu, mazubinsa kada ya wuce mililita 100, kuma dukkansu su shiga leda ɗaya mai zif wadda ake ganin cikinta, mai cin lita ɗaya. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kwalba mai 200 ko da saura kaɗan a gindinta, za su ajiye ta. Man goge baki, basilin da man kitso duk a lissafin ruwa suke. Sabulu na dunƙule ba ya ciki. Shi ya sa mai tafiya da jakar hannu dunƙule ya fi masa. Reza mai zarewa ba ta wucewa, amma abin aski na roba da ake yarwa yana wucewa. Almakashi ana yarda da wanda bakinsa bai kai santimita 6 ba, duk da haka wani ma'aikacin zai ƙi, kuma ba ka da ta cewa.

Nauyi ma abin dubawa ne: mafi yawan jirage kilo 7 suke bayarwa. Shamfu babba, man shafawa babba da sabulun ruwa sun cinye fiye da kilo ɗaya tun ba a sa harama da jallabiya ba.

Hajiya Yalwa, Shara Mansur, Makka: Malam, ku maza naku mai sauƙi ne. Abin da mace ba za ta samu kusa da Harami cikin sauƙi ba shi ne abin da ya dace da gashinmu da fatarmu. Shamfu da man gashin kantunan can an yi su ne don gashin Larabawa da Indiyawa. Man kaɗanya, sabulun salo da soson raga irin namu sai an zo unguwanninmu, kuma baƙuwar da ta zo ibada ta kwana goma ba ta da lokacin yawon nema. Soson ma ko nauyi ba shi da shi, a naɗe shi a cusa cikin silifas.

Man kaɗanya a kula da shi. Zafin Makka da bazara yana haura digiri 45, shi kuma tun kafin nan ya narke ya zama ruwa. A ɗiba a ƙaramin gwangwani mai murfin murɗawa, a shimfiɗa leda a bakinsa kafin a rufe, a zagaye da salatif, sannan a sa a wata ledar daban. In ya tsiyaye a farin hijabi, omo ba ya fitar da shi da wanki ɗaya. Kitso kuma a yi shi tun daga gida, ƙanana masu daɗewa, a bar jelar yadda za a iya kama ta a rage gwargwadon gaɓar yatsa bayan sa'ayi.

Audugar mata kada a cika jaka da ita, biyu ko uku na hanya sun isa, kowace saidaliyya akwai.

Abu Fatima, Madina: Ƙarin bayani kan tsiyaya, Hajiya. Ba zafi kaɗai ba ne. In jirgi ya yi sama, iskar da ke cikin kwalba tana kumbura ta turo man waje. Kwalbar da take rabi ta fi cikakkiya zuba, saboda iska ta fi yawa a cikinta. A matse robar iska ta fita kafin a rufe.

Abu biyu ke wahalar da baƙi a nan: faso da gogar cinya. Iskar Madina busasshiya ce, ga sanyin na'ura dare da rana, ga tafiya ba takalmi a kan marmara, cikin 'yan kwanaki diddige ya tsage. Maza kuma ba wando a ƙarƙashin harama, sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku, cinya ta saluɓe. Basilin fari marar ƙamshi, ƙaramin gwangwani mai mililita 50, ya isa mutum ɗaya.

Malam Ɗan Takari: Abu Fatima, a ƙara da cewa a shafa shi kafin niyya. Malamanmu na Malikiyya suna da magana a kan shafa mai cikin harama ko da ba ƙamshi, in ba da larura ba. Mai buƙata ya tambayi malaminsa tun a gida. Man goge baki mai na'ana'a ma wasu suna kauce masa, asuwaki kuma ga shi nan ana sayarwa a hanyoyin Harami da araha.

Maman Hanif: To magani fa, Baba Likita?

Baba Likita, Jidda: Shi kam daga gida, 'yata. Mai hawan jini, ciwon suga ko asma ya zo da nasa wanda zai ishe shi har da ƙarin kwana biyar, a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita, a jakar hannu. A nan ba a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takarda, kuma sunan da ka san maganinka da shi a Kano ko Maraɗi ba lallai shi ne a kwalin nan ba, don haka a rubuta sunan sinadarin. Ƙwayar jinkirta al'ada a ga likita tun kafin tafiya, don ana fara ta ne kwanaki kafin lokacin, ba ranar da aka ga jini ba. Tramadol da duk mai kodin kada a kusance su ba tare da takarda ba, laifi ne babba a nan. Garin magani na gargajiya a ƙulle cikin leda ba suna yana jawo tsayawa a kwastan, goro kuma hukumomin alhazai sun sha gargaɗi a kansa.

Alhaji Baban Sadiƙ: Saura ƙananan kaya, abin yankan farce, mataji, tawul, omo na wanki, maratayin kaya: a nemi shagon Abu Khamsa, inda yawancin kaya riyal biyar ne, wani wurin da ɗan ƙarin haraji na kashi 15. Ranar komawa a bar ragowar ga masu aikin otal, wurinsu a jaka dabino ya shiga. Aski kuwa ga shaguna nan birjik ta wajen Marwa, kawai ka sa ido wanzami ya ɓare sabuwar reza a gabanka.